Jam'iyyar gidanmu da ƙuri'arka

Ɗana,

Saƙonka ya iso, sai da na karanta shi sau biyu kafin na zauna ba ka amsa. Ka ce zaɓe ya matso amma jikinka ya yi sanyi, ka duba jam'iyyun ka ga duk kanwar ja ce. Ka kuma tambaye ni ko wajibi ne ka bi al'adar gida, tunda tun zamanin kakanka jam'iyya ɗaya ake yi a gidanmu, ko kuwa rashin ladabi ne ka dangwala wa wata, ko ma ka yi zamanka a ɗaki ranar zaɓe. Na ji daɗin tambayar, domin sa'anninka da yawa sun daina tambaya, sun kawar da kai kawai.

Bari in fara da kakan naka, Allah ya jiƙansa, tunda kana ƙarami ya rasu. Katin zaɓensa yana ajiye ne a 'yar jakar da yake adana takardun gida, wadda ba mai taɓawa sai shi. Ranar zaɓe da sassafe yake fita, idan ya dawo sai ya miƙo mana yatsansa mu ga tawada. Makonni muna kallon tabon nan yana bin farce yana hawa har ya fita. Amma ban taɓa jin ya ce yana yin jam'iyyar nan don ta ubansa ce ba. Shi da kansa ya zauna ya auna, ya ga a lokacin mutanenta ne ke tsaya wa talaka, su ne ke maganar karatun yara, sai ya bi su. Mu da muka zo bayansa sai muka gaji suna da tuta, muka bar dalilin a baya. Waɗanda ya amince wa sun daɗe a ƙasa, wasu daga cikin waɗanda ya yi adawa da su ma sun sauya sheƙa sun shigo, su ne manya a ciki yanzu. Abin da ya kamata ka gada a wurinsa shi ne wancan zama da aunawa, da fitar sassafe.

Ni na taɓa yin kuskuren da nake jiye maka. Akwai zaɓen da na san ɗan takarar da jam'iyyarmu ta tsayar a mazaɓarmu bai cancanta ba, kowa ya sani, amma na ce ba daga kaina za a fara saɓa wa gida ba. Ya ci. Bayan shekara biyu muka tafi ofishinsa mu shida, kan maganar asibitin da babu magani babu ma'aikaci. Muka zauna a benci tun hantsi har la'asar, ana ce mana yana cikin taro. Da wani dattijo a cikinmu ya ce to za mu haɗu ranar zaɓe, sai yaron da ke tsare ƙofa ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai ku namu ne, ina za ku?" Har yau maganar nan tana min ciwo, saboda gaskiya yaron ya faɗa. Ɗan siyasa ba ya shakkar wanda kullum nasa ne, haka kuma ba ya shakkar wanda ba ya fita zaɓe. Wanda zai iya juya masa baya, shi yake lallaɓawa.

Ka duba Botsuwana. Jam'iyyar BDP ta riƙe ƙasar tun samun 'yanci a 1966, shekara 58, gidaje da yawa ba su san wata ba. A watan Oktoba na 2024 ta tashi da kujeru 4 kacal cikin 61, Shugaba Masisi ya fito ya amsa shan kaye. A 2024 ɗin ne kuma ANC, jam'iyyar Mandela, ta samu kashi 40 cikin ɗari a Afirka ta Kudu, karo na farko tun 1994 da ta gaza haye rabi, dole ta nemi wasu jam'iyyu suka kafa gwamnati tare. Cikin waɗanda suka juya mata baya akwai 'ya'yan mutanen da suka sha ɗauri dominta. Ba na jin sun ci amanar iyayensu.

Sai maganar zama a gida, kuma a nan ne na fi jin tsoro a kanka. Na san gajiyar da kake ji, ni ma na ji ta, ba sau ɗaya ba. Amma kujera ba ta zama babu kowa don kai ka yi fushi. A zaɓen shugaban ƙasa na Najeriya a 2023, sama da mutum miliyan 93 ne ke da rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, wanda ya ci kuma da ƙuri'a kusan miliyan 8.8 ya ci. Duk da haka an rantsar da shi, hukuncinsa kuma ya hau kan wanda ya fita da wanda ya kwanta. A Faransa a 2002 mutane da yawa sun ce sun gaji, wasu suka ƙi fita, wasu suka watsa ƙuri'unsu kan ƙananan 'yan takara don huce haushi. Firaminista Lionel Jospin ya faɗi tun a zagayen farko da tazarar da ba ta kai dubu 200 ba, Jean-Marie Le Pen, mai tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa, ya haye zagaye na biyu da shugaba mai ci, Jacques Chirac. Sai ga mutanen da ba sa ƙaunar Chirac sun yi layi suna zaɓensa dole, har ya samu kashi 82. A Indiya ma, inda tun 2013 aka tanadi gurbin "ban zaɓi kowa ba", ana ƙirga ƙuri'un gurbin ne a ajiye su gefe, wanda ya fi yawa cikin 'yan takara shi ke hawa.

Za ka ce ƙuri'arka ɗaya me za ta tsinana. A Gambiya da 'yan duwatsun gilashi ake zaɓe, mutum ya jefa nasa a gangar ɗan takara, ƙararrawa ta buga sau ɗaya. Da irin waɗannan duwatsun, ranar 1 ga Disamba 2016, Adama Barrow ya kayar da Yahya Jammeh bayan shekara 22 yana mulki, tazarar kuma ba ta kai dubu 20 ba. Ba zan ɓoye maka sauran labarin ba: Barrow ya hau ne bisa yarjejeniyar shekara uku, bai sauka ba, ya ma sake tsayawa a 2021. Don haka kada ka je rumfar zaɓe neman waliyyi. Abin da ƙuri'a ke ba ka shi ne ikon sauke wanda ya gaza, da sa na gaba ya san ana iya sauke shi. Wannan kaɗai ya isa a bi masa layi.

To yaya za ka zaɓa, don kada ka yi zaɓen tumun dare? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ware abu biyu ko uku da suka fi ci maka rai, ko aikin yi ne, ko tsaro, ko karatu, ka manta da takardar alkawura, ka tambayi abin da kowace jam'iyya ta yi a kansu a wurin da ta riga ta yi mulki. Gani ya kori ji. Ni kuma akwai inda nake zuba ido fiye da ko'ina, wato zaɓen fid da gwani. Jam'iyyar da ta murɗe wa 'ya'yanta zaɓe a cikin gida, ta ɗora yaron uban gida, ba za ta yi maka adalci ba kai da kake waje. Ka kuma lura da halinsu ranar da suka faɗi: kotu suka nufa, ko matasa suka tura titi? Idan kuma duk ka auna ka ga babu na kirki, to ka tambayi kanka ɓarnar wa za a iya gyarawa bayan wa'adi ɗaya. Wanda zai yi sakaci da aiki ana iya kayar da shi gobe. Wanda ke neman toshe bakin jarida, ya lanƙwasa kotu da hukumar zaɓe, goben ce kanta yake son ƙwacewa. Kuma inda kowace kujera ke da takardar ƙuri'arta daban, ba dole ba ne ka bi alama ɗaya daga sama har ƙasa. Ɗan majalisa ko kansilan da za ka iya tarar da shi ido da ido ya cancanci ka auna shi daban.

Game da mahaifinka kuwa, na san shi kake jin nauyi, ko da ba ka ambata ba. Yayana ne, na san zafinsa a kan jam'iyyar nan. Kada ka yi jayayya da shi a gaban mutane, kada ka yi wa abin da ya ba rayuwarsa ba'a, kada kuma ka yi masa ƙarya. Idan ya tambaye ka, ka ce ka zaɓi wanda ka ga ya cancanta, ka yi shiru. Ba banza aka keɓe wurin dangwala ba. A Ingila kafin 1872 a fili mutum ke faɗin wanda ya zaɓa, mai gona yana jin ɗan haya, maigida yana jin yaronsa, shi ya sa aka yi dokar ƙuri'ar sirri. Idan abin ya yi tsami tsakaninku, ka bar ni da shi, ni zan yi masa magana.

Yanzu dai ka nemo katinka, ka tabbatar sunanka yana cikin rajista, ka san rumfarka tun kafin ranar. Ƙarshen mako ka zo min da sunayen duk 'yan takarar mazaɓarku, har da na ƙananan jam'iyyu, mu zauna mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda zan zaɓa ba zan faɗa maka ba, kai ma ba zan tambaye ka naka ba. Ka gaishe min da mahaifiyarka.

Baffanka.