Na haifi jariri mai ƙarancin nauyi, shin ina cikin haɗarin ciwon zuciya?

'Yar'uwa, barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Kin ce ɗanki bai kai kilo 2.5 ba da aka haife shi, kuma an ce miki hakan na da alaƙa da zuciyarki. Akwai gaskiya a maganar. Wani bincike da aka wallafa a 2001 kan mata sama da 129,000 a Sukotlan ya nuna cewa waɗanda suka haifi ƙananan jarirai sun fi kamuwa da ciwon zuciya daga baya.

Ba jaririn ne ke jawo ciwon ba. Idan jijiyoyin jinin uwa ba su buɗe sosai sun ciyar da mabiyiya ba, ɗan tayi ba ya samun isasshen abinci. Ana ganin wannan raunin jijiyoyin na iya dawowa bayan shekaru a matsayin hawan jini ko ciwon zuciya. Amma a wajenmu zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da haihuwar tagwaye ma kan rage nauyin jariri, don haka ki tambayi likitarki dalilin naki. Idan jininki ya hau lokacin goyon ciki, ko kin yi jijjiga, to ki ƙara kula.

A auna jininki bayan arba'in, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. 140/90 ko sama da haka na bukatar ganin likita. Ki rage gishiri da dunƙule, kunun kanwa kuwa ni dai ban ba ki shawararsa ba. Kumburin ƙafa, haki, ko kasa numfashi in kin kwanta lokacin jego, ki tafi asibiti a ranar.