Maigida, me ya sa tsutsar ke gudu daga baho?

Ka ce bahon tsutsar da kake kiwo don abincin kaji ya soma ɗoyi, kuma kullum da safe sai ka tarar sun hau bango suna zubowa ƙasa. Kafin komai, ɗauki ɗaya ka duba launinta. In ta yi baƙi, jikinta ya yi tauri, ƙosawa ta yi, tana neman busasshen wuri ta rikiɗa ta zama ƙuda. Haka tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira soja take yi in ta yi kamar mako biyu zuwa uku tana ci. Amma in farare ƙanana ne ke gudu, to yaro, ruwa ka cika musu.

Ɗebi abincin ka damƙa a hannu. Ɗigo ɗaya ko biyu ya kamata ka gani a tsakanin yatsunka. In ya tsiyaya, iska ta daina ratsawa, ƙasan bahon ya yi tsami, daga nan warin yake, kuma shi ke gayyato ƙudan gida. Ruɓaɓɓen tumatir da kankana kusan duk ruwa ne, sai ka cuɗa su da busasshiyar dusa har damƙar ta daidaita. Huda gindin bahon wuri uku ko huɗu. Kaurin abincin kada ya wuce yatsa huɗu, kuma kada ka ƙara sabo sai sun cinye na jiya. Masu koyo a nan suke faɗuwa, sai su yi ta jibga abinci don ɗokin tsutsa ta yi ƙiba.

Tsutsotsin da kansu zafi suke haifarwa in sun cunkushe. Digiri 27 zuwa 30 suke so, don haka da bazara a inuwa za ka ajiye su. Da hunturu kuwa iska ce ke busar da saman abincin ya yi ɓawo, sai ka yayyafa ruwa kaɗan ka rufe da jiƙaƙƙen buhu. Ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa ba sa cinsu. Ganyen da aka yi wa feshin maganin ƙwari kuwa kashe su zai yi. Ka tsoma ƙafafun teburin da ka ɗora bahon a kai cikin gwangwanayen ruwa saboda tururuwa, ka sa raga saboda ƙadangare da ɓera.

In ka ga 'yan farko sun fara baƙi, tace sauran da rariya, zuba su a tafasasshen ruwa na 'yan mintuna, musamman in da kashin kaji ka ciyar da su, sannan ka shanya har su riƙa ƙaras-ƙaras. Busasshiyar tana da furotin wajen kashi 40 cikin 100, amma tana da maiƙo sosai. Fara da mudu ɗaya cikin goma na abincin kaji, in ka zarce masu ƙwai sai su yi kitse su rage ƙwai. Baƙaƙen kuma ka bar su su zama iri. Rataya guntun kwali a saman abincin, a ramukansa ƙudan ke zuba ƙwai, bayan kwana huɗu su ƙyanƙyashe.