Amsoshin tambayoyinku kan gini: bulo nawa ya kamata buhun siminti ya fitar?

Wani matashi daga unguwar Sabon Gari a nan Damagaram ya rubuto cewa ya sayi fili, bai fara komai ba tukuna, yana so in zaɓa masa tsakanin tayil ɗin Sin da na Turai.

Ɗana, ko tushe ba ka haƙa ba kana maganar tayil? Fara zuwa ma'aikatar magajin gari ka tabbatar takardar filin sunanka take ɗauke da shi, kuma ba a sayar wa wani shi kafin kai ba. Sannan ka jira ranar da aka tafka ruwa a watan Agusta, ka je ka tsaya a filin ka ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya. In an yi rufi ka sake rubuto mini.

Wasiƙa ta biyu daga wani bawan Allah ce da ke neman kuɗi a Agadas, ƙanensa ke kula masa da gini a unguwar Garin Malam. Ya ce mai buga bulo ya yi alkawarin fitar masa da bulo 45 a kowane buhu, ƙanen kuma yana ta murna an samu sauƙi. Yana tambaya ko ya amince.

Malam, kada ka amince. Kira ƙanenka yau ɗin nan ka ce a dakata. Buhun siminti kilo 50 ne, ko na kamfanin Malbaza na nan Nijar ne ko wanda ke shigowa daga Najeriya, ba ya ƙaruwa don an yi masa daɗin baki. Bulo mai rami na santimita 15, in ana son na kirki, kada ya wuce 30 a buhu. Abin da ya haura haka yashi ne aka yi wa kalar siminti. Wannan abu yana ci mini rai, domin na gani da idona. Wata damina katangar wani maƙwabcinmu ta zube da dare, Allah Ya taƙaita ba kowa a gindinta. Da safe na ɗauki ɓaren bulo na murza shi da yatsa, sai ya zama gari a tafin hannuna, fentin da ke jikinsa kuwa ko dushewa bai yi ba. An kashe kuɗi a abin da baƙo zai gani, an matse hannu a abin da ke riƙe da ginin.

Kuma ko an zuba siminti daidai, akwai inda mu mutanen Damagaram muke cutar kanmu: ruwa. Kowa ya san halin da garin nan ke shiga da bazara, famfo ya yi kwanaki bai kawo ba, 'yan garuwa da masu amalanke su ɗaga farashi. Sai mai bulo ya yayyafa sau ɗaya ya bar shi a rana, ya ce ya bushe. Ai bushewar ce matsalar. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, in rana ta zuƙe ruwan tun ranar farko, ƙarfin ya tsaya nan. Ana ba bulo ruwa safe da yamma kwana 7 aƙalla, a rufe shi da tsofaffin buhuna ko zana, cikakken ƙarfinsa kuma sai ya kai kwana 28. Don haka ka ware kuɗin ruwa daban kamar yadda ka ware na siminti, kada ka haɗa shi cikin jingar lebura, domin nan ne za a fara ragewa. In da hali a buga bulo bayan damina ko lokacin sanyi, ba cikin zafin Afrilu ba.

Ka gaya wa ƙanenka ya tsaya a kan aikin, ya ƙirga buhunan da aka buɗe a gabansa. Buhun da ya yi guda-guda a ciki ya sha danshi, a mayar wa mai shago. Ya damƙi yashi da hannu: in ya bar jan laka a tafi, a sake wani. Bulon da aka ce ya yi ƙwari, ya ɗaga shi daidai ƙugu ya saki a ƙasa, mai kyau ba ya tarwatsewa. Ƙarfe ma haka, ana sayar da siriri da sunan mai kaurin milimita 12, sai ya je da ma'auni ko da magini wanda ba shi da rabo a cinikin. Tsakuwa kam ba mu da uzuri, garin duwatsu muke.

Wata uwa daga unguwar Birni ta ce mijinta ya rasu ya bar mata gidan ƙasa da marayu huɗu. Tun da tsohon masallacin unguwarsu ya rushe a ruwan Satumban 2024 ba ta barci in hadari ya haɗo. 'Yan'uwa na cewa ta ci bashi ta rushe ta yi na siminti.

Hajiya, Allah Ya jiƙan maigida, Ya raya abin da ya bari. Tsoronki gaskiya ne, amma kada ki ci bashin nan. Dubi fadar Sultan a unguwarku, ginin ƙasa ce tun ƙarni na 19, tana tsaye saboda ba a daina kula da ita ba. Ɗakin ƙasa kuma ya fi sanyi da bazara, ke ma shaida ce. Ruwa yana kayar da gini ta sama da ta gindi. Kafin damina ki sa magini na gargajiya ya hau soro ya toshe tsaga, ya duba azara ko akwai wadda ta lanƙwasa, ya sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango. A gindin bango a jera dutse, a yi gangare ruwa ya gudu waje. Kada ki yarda a shafe bangon ƙasa da siminti kai tsaye: yana ɓanɓarewa, ruwa ya shige ta baya ya jiƙa ƙasar ba ki gani ba. A yi yaɓe da ƙasa mai kyau da makuba kamar yadda iyaye suke yi. In kuwa kin ga tsaga mai faɗi tana ƙaruwa, kwashe yaran daga ɗakin a ranar, kada ki jira gobe.

Na ƙarshe yana tambaya ko kwano mafi arha zai wadatar tunda "rufi dai rufi ne".

Ba zai wadatar ba. Kwanon da yake lanƙwashewa in ka danna da yatsa, iskar farkon damina za ta naɗe shi kamar tabarma. Sayi mai kauri ko da ɗaki biyu kawai za ka rufe bana, a ɗaure katakon da ƙarfen da aka binne cikin gini, a ɗaga bango sama sosai, a sa silin, a bar ƙananan tagogi kusa da rufi don zafi ya samu mafita.