Anti kar ki ƙwace mata wayar nan

Salamu alaikum, Anti ina wuni, ya gida ya yara. Sai yanzu na ji saƙonki, tun safe ina kasuwa kuma data ta ƙare min. Jama'ar gida ku yi haƙuri wannan zai ɗan yi tsawo, wanda yake sauri ya wuce abinsa.

Kin ce tun da sakamakon jarabawa ya fito yarinyar nan ta shige ɗaki, abin kunne a kunne, waƙar 'yan Japan take ji tana hawaye, wai me ke cikin waƙoƙin nan ne. Anti ni fa na san ki, ba fassara kike nema ba, so kike wani ya ce miki ki ƙwace wayar. To ni dai ba da bakina ba. Kar ki ƙwace.

Hoton da kika turo ɗin nan na gane waƙar, Tegami ce, wato wasiƙa, ta wata mata Angela Aki, 2008 ta fito. Kuma kin san don wa aka yi ta? Don 'yan makaranta, gidan talabijin ɗinsu NHK suna da gasar waƙa ta makarantu duk shekara, to don 'yan ƙaramar sakandare aka rubuta ta. Mai shekara 15 ne ke rubuta wa kansa na gaba wasiƙa, yana faɗin damuwar da ya kasa faɗa wa kowa, sai babban ya ba shi amsa, ya ce masa shi ma har yanzu akwai daren da ba ya iya barci amma ga shi nan yana raye. Shi ke nan fa. Ba batsa ba rawar banza, a can har ranar yaye ɗalibai ake rera ta. Yarinya ta faɗi jarabawa ta je ta nemo wannan da kanta, ai ni sai na ce tana da hankali.

Abin da ya sa ma nake son irin waƙoƙinsu, ba sa ce maka daina kuka. Mu nan da ka fara sai a ce haba sai ka ce ba musulmi ba, yi haƙuri, yi haƙuri, tun kafin ka gama faɗin abin da ke cinka an rufe maka baki da haƙuri. Ba ina cewa haƙuri laifi ba ne, kar wani ya juya min magana, amma...

Bari in ba ki tawa. Akwai wata tsohuwar waƙa ta wani mawaƙinsu Kyu Sakamoto, Ue o Muite Aruko, 1963, a'a tsaya, 1961 ta fito a Japan, a 63 ne ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin da ke tashe a Amurka, da yaren Japan ɗinta fa ba fassara. Mutum ne yake tafiya shi kaɗai da dare ya ɗaga kai sama don kar hawayen su zubo. Kin ji, bai ce ba hawayen ba, suna nan, kai kawai ya ɗaga yana ci gaba da tafiya, har da fito yake yi a tsakiyar waƙar kamar ba komai. Shekarar da aka sallame ni daga aiki, kun tuna, da na yi wata biyu ban faɗa wa Hajiya ba, kullum in saka kaya da safe in fita kamar mai zuwa ofis, da yamma in dawo a ƙafa don ko kuɗin adaidaita ba ni da shi, wallahi waƙar nan nake ji. Har na fara gwadawa, in ɗaga kai ina kallon wayoyin NEPA, sau ɗaya ma na kusa faɗawa kwata.

Amma abin da ke ba ni haushi har gobe, kin san sunan da turawa suka saka mata? Sukiyaki. Abinci ne fa Anti! Nama ne da suke yankawa siriri su dafa da ganye a tukunya, ba ruwansa da waƙar ko kaɗan. Wani kamfanin faifai a Ingila ne ya ga sunan zai yi wa mutanensu wuyar faɗa sai kawai ya liƙa mata sunan abinci. Kamar a ɗauki waƙar ta'aziyya ta Hausa a kai waje a ce sunanta Dambun Nama. Mutum yana ɓoye kukansa ku kuna kiran girki. Kuma shi mawaƙin, Sakamoto, bawan Allah, a hatsarin jirgin sama ya mutu, Agusta 1985, jirgin nan na Japan da ya faɗi a kan dutse mutum 520 suka halaka, tun da na san haka fiton nan wani iri nake jinsa. Har yau in ka rubuta Sukiyaki sai waƙar da hoton tukunya su fito maka tare, haba.

Sannan Yaya, na ga abin da ka rubuta, wai me mutum zai ji a yaren da bai iya ba. Kai ne fa ka yi min dariya a ɗaurin auren nan gaban abokanka da wayata ta yi ƙara da waƙar Japan. Kai da muke kallon fim ɗin Indiya kana share ido da hular sallah, Indiyanci nawa ka iya? Kalma biyu. Ko da yake bar wannan, ba shi ya kawo ni ba.

Ina nake ma... eh, in ta ɗan warware akwai Makenaide ta ƙungiyar mawaƙan Japan ZARD, 1993, ma'anarta kar ki sare, wannan mai zafi ce, masu jarabawa da masu gudun fanfalaki ake saka wa. Amma ba yanzu ba, yanzu in kika tura mata za ta ɗauka gori ne. Akwai kuma Hana wa Saku da suka yi bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011, ita wannan ta rashi ce, ta yi mata nauyi, ku bar ta.

Abu ɗaya dai Anti, tana cin abinci? Tana fitowa sallah? In tana yi to ki ƙyale ta, ki shiga da shayi ki zauna ki ce ta fassara miki waƙar, za ki sha mamaki, a nan za ta faɗa miki abin da ke ranta tana fakewa da waƙar. In kuma kwana da kwanaki ba ci ba barci, to wannan ya wuce maganar waƙa, ki kira ni mu san likitan da za a gani. Cajina saura kashi 4, a gaida Baba, sai na shigo Juma'a.