Hukuncin Cin Abinci a Wurin Kiristocin Filifin Masu Dafa Alade

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Sebu na ƙasar Filifin, ina karatun aikin jinya. A bakin layinmu akwai ɗan gidan abinci na wata dattijuwa da 'ya'yanta, irin wanda suke kira karinderiya: tukwane kamar goma a jere, ka ɗaga murfi ka nuna wadda kake so a zuba maka a kan shinkafa. 'Yan Katolika ne, kuma rabin tukwanen na alade ne. Matar tana da kirki, har bashi take ba ni idan kuɗin gida ya yi jinkiri. Kifi da kaza da ganye kaɗai nake ci. Wani abokina ya ce haramun ne in taka wurin ma, wani kuma ya ce ai Ahlul Kitabi ne, in yi bisimilla in ci. Gidan abincin Musulmi yana da nisa, sai na hau mota biyu. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, abokanka biyu kowanne ya kama gefe ɗaya na igiyar ya saki ɗayan. Addinin mai girki ba shi ne matsala ba. Allah ya ce a aya ta 5 ta Suratul Ma'ida abincin waɗanda aka bai wa Littafi halal ne a gare mu, kuma Ibn Abbas ya fassara abincin nan da yankansu. Annabi (SAW) ya ci naman da wata Bayahudiya ta kawo masa a Khaibara. 'Yan Katolika, waɗanda ƙidayar 2020 ta nuna sun kai kusan kashi 79 cikin 100 na mutanen Filifin, Nasara ne, suna cikin ayar. Don haka wanda ya ce shiga wurin haramun ne ya faɗi abin da ba shi da hujja a kansa. Amma ayar ba ta halatta abin da aya ta 3 ta wannan surar ta haramta ba: mushe, da jini, da naman alade. Bisimilla ba ta tsarkake alade. Hadisin Nana A'isha da abokinka na biyu yake jingina da shi, inda aka ce ku ambaci sunan Allah ku ci, ya zo ne a kan nama halal wanda ba a san ko an yi bisimilla wajen yanka shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tukunya, da ludayi, da mai. Abu Sa'alaba al-Khushani ya yi wa Annabi (SAW) tambaya mai kama da taka, ya ce muna zaune a ƙasar Ahlul Kitabi, ko mu ci a cikin ƙorensu? Ya ce idan kun sami wasu kada ku ci a cikinsu, idan ba ku samu ba ku wanke su ku ci. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim. Ruwayar Abu Dawud ta bayyana dalili: mutanen suna dafa alade a tukwanensu, suna shan giya a ƙorensu. Ka ga halin da kake ciki ke nan daidai. Kwano da cokali da tukunyar ƙarfe, idan an wanke su har maiƙo ya fita, sun tsarkaka, babu buƙatar ka tsaya a kan mai wanke-wanke kana leƙe. Mai kuwa ba ya wankuwa. Shehu Khalil, mai littafin Muhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya lissafa abubuwan da ba sa karɓar tsarki bayan najasa ta shige su, daga ciki akwai man da ya gauraya da ita, da naman da aka dafa da ita, da tukunyar ƙasa da ta tsotse ta. Kifi halal ne, amma kifin da aka soya a man da aka tsame alade yanzu-yanzu ba ya ciyuwa. A ƙaramin wuri irin wannan kuwa, inda kasko ɗaya ne a kan wuta kuma mai yana da tsada, ba a zubar da shi don an sauya abin suya.

Abin da na fi ji maka tsoro ma shi ne ganyen da ka sakankance da shi. A girkin ƙasar nan alade ba nama ba ne kawai, kayan ɗanɗano ne, kamar yadda daddawa take a wurinmu. Ana soya 'yan gutsattsarinsa da albasa kafin a zuba ganye. Ana barbaɗa soyayyiyar fatarsa a kan koren waken nan da suke kira monggo, da kan wasu nau'o'in taliyarsu ta pansit. Ana jefa dunƙulen ɗanɗano mai romon alade a miya. Lumpiya, wanda ka gan shi kamar ɗan naɗaɗɗen fanke, sau da yawa niƙaƙƙen alade ne a cikinsa. Idan ka ce wa mai abinci "akwai alade?" za ta ce babu, kuma ba ƙarya ta yi ba, domin tsoka take nufi. Saboda haka ka rarraba tambayar. Kalmar alade a wurinsu baboy ce, mai kuma mantika. Tambayi naman, tambayi romon, tambayi dunƙulen, tambayi man. Idan ta amsa kuma ka san ta da gaskiya, maganarta abin karɓa ce. Malamai sun karɓi labarin wanda ba Musulmi ba a irin waɗannan mu'amaloli matuƙar zuciya ta natsu da shi, kuma matar da ta amince maka da bashi ba a fara da tuhumarta.

Kifi da jatan lande da ƙaguwa da sauran halittun teku, a mazhabar Imam Malik duk halal ne ba tare da yanka ba, saboda hadisin da ke littafinsa Muwaɗɗa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi. Bisa wannan, ruwan kifin da ake kira patis a yankin Manila, babban birnin ƙasar, da dakakken jatan landen da suke kira bagoong babu laifi a kansu, sai dai bagoong ɗin da aka soya da alade. Ruwan kal ɗin da suke tsamama abinci da shi, na rake ne ko na kwakwa, halal ne ko da ya bi ta matakin giya kafin ya yi tsami, domin ya riga ya sauya. Gasasshen kifi a kan garwashi, da miyar kifi mai tsami da aka dafa ita kaɗai, da dafaffen ƙwai, da shinkafa fara, su ne hanyarka mafi aminci. Ka dai duba wayar gashin, don a Sebu tsiren alade da kifi kan haɗu a wuta ɗaya.

Kaza kuwa akwai magana. Malikiyya ba su sharɗanta wa Bakitabe bisimilla ba, abin da suka sharɗanta shi ne ya yanka, kuma kada ya yanka don wanin Allah. Alƙali Ibn al-Arabi ya sassauta har ga kazar da Banasare ya murɗe wa wuya, amma mafi yawan malamai ba su bi shi ba, ni ma ban bi shi ba: abin da in Musulmi ya yi ya zama mushe, ba ya zama halal don Banasare ne ya yi. Misali a duwatsun arewacin ƙasar akwai girkin da ake kira pinikpikan, inda ake dukan kaza da sanda kafin a dafa ta. Idan dukan ne ya kashe ta, ita ce mauƙuza da Alƙur'ani ya ambata da suna. Kazar kasuwa da aka yanka a wuya jini ya zuba halal ce a asali. Sai dai adobon kaza, wato kazar da ake dafawa da ruwan kal da tafarnuwa, sau da yawa tukunya ɗaya suke shiga da alade. Wannan ko ka tsince kazar ba ta halatta.

Abu biyu babu tambaya a kansu: dinuguan, miyar da ake kaɗawa da jinin alade, da balut, ƙwan agwagwa da ake dafawa bayan ɗan tsako ya ƙagu a ciki. Na farko jini ne da alade, na biyu mushe ne.

Ga shawarata. Mutanen ƙasar suna da al'adar da suke kira paluto, ka kawo kayanka a dafa maka ka biya ladan girki. Ka sayi ɗan kasko da ludayi da kwalbar mai, ka kai wa dattijuwar cikin ladabi, ka ce addininka ne ya hana ka abin da ya taɓa alade, ba ƙyamar hannunta kake yi ba. Ba baƙon zance ba ne a kunnenta. Musulmi sun haura kashi 6 cikin 100 na ƙasar, kuma 'yan kasuwar Maranao, wata ƙabilar Musulmi daga tsibirin Mindanao, suna kusan kowane babban gari. Ranar Juma'a ka tambaye su inda suke sayen nama, ka ɗauko na mako guda. Idan ta yarda, ci abincinka hankali kwance. Idan wurin ya yi mata ƙunci ba za ta iya ware maka ba, tsaya a kan abin da ba ya shiga mai ko romo. Hawa mota biyu wahala ce, amma ba ita ce larurar da ke halatta haram ba. Idan kuma da dare ana ajiye kwalaben giya a tebura, sa a ƙulle maka abincinka ka tafi ɗaki, saboda hanin zama a teburin da ake shan giya a kansa.

Abin da ka ci a baya ba da sani ba, babu zunubi a kanka kuma babu kaffara. Bashin dattijuwar nan kuma ka biya shi a kan lokaci. Wallahu a'alamu.