Idan suwic ne zai raba adireshi

Jiya muna dawowa daga aikin makarantar nan ta Hotoro ka tambaye ni ko suwic ɗin Cisco da muka ɗaura, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin wurin, zai iya raba musu adireshin IP (lambar da ake gane kowace na'ura da ita a sadarwa) da kansa, aikin da ake kira DHCP, tun da mai makarantar ya ce ba shi da kuɗin sayen saba, wato kwamfutar da za a keɓe wa wannan aiki. Zai iya, yarona, amma akwai inda yake da rauni.

Saitin ba shi da wuya. Ka fara ba VLAN ɗin, wato rukunin da ka ware wa kwamfutocin a cikin suwic, adireshi, misali 192.168.10.2, sannan ka keɓe na rauta (na'urar da ke fitar da su intanet) da na firinta da na kyamarori da ip dhcp excluded-address, kafin ka buɗe rumbun adireshi da ip dhcp pool, ka zuba masa network da default-router da dns-server. In ba ka faɗi wa'adi ba, aron kwana 1 yake bayarwa.

Raunin nasa shi ne mantuwa. Jerin waɗanda ya ara wa adireshi a RAM, ma'ajiyar da ke gogewa in babu wuta, yake ajiye shi, saboda haka da an ɗauke wuta, abin da ba baƙo ba ne a garin nan, sai ya farka bai san wa ke riƙe da me ba. Gaskiya ne yakan yi ping sau 2, wato ya aika saƙon gwaji ya ji ko wani na riƙe da lambar, kafin ya ba da adireshi, amma kwamfutar da garkuwar Windows ta hana ta amsawa shiru za ta yi, shi kuwa ya ɗauka babu kowa, ya miƙa wa wata adireshinta. Na taɓa yin yini guda a wani ofishi a Bompai ina zargin waya, ashe firinta da kwamfutar akawu ne ke kokawa a kan lamba ɗaya. Maganinsa shi ne ip dhcp database, domin ya riƙa rubuta jerin inda ba zai goge ba, kuma ka matsa wa mai wurin ya sa UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta.

Agogonsa ma haka yake. Tsofaffin suwic samfurin 2960 da ake sayowa na hannu suna komawa 1 ga Maris 1993 duk lokacin da suka tashi, don haka ka nuna masa ntp server, inda zai riƙa karɓar lokaci daidai, in ba haka ba lissafin wa'adin ya rikice.

Gobe in ka gama, ka yi write memory don adana saitin, ka zare wutar da hannunka, ka mayar. Kwamfutar da ka ga ta ɗauki adireshin da ya fara da 169.254 ba ta sami amsa daga suwic ba, sai ka fara duba VLAN ɗin da ramin wayarta yake ciki.