Ziyarar Imam Bukhari: Buhara ko Samarkand?

Malam, ka tambaya ko a Buhara za ka samu kabarin Imam Bukhari. A'a. A can aka haife shi a shekarar 810, amma a ƙauyen Hartang ya rasu a 870, kimanin kilomita 25 daga Samarkand. Saboda haka Samarkand za ka fara sauka. Daga Tashkent, babban birnin ƙasar Uzbekistan, jirgin ƙasa na Afrosiyob zai kai ka cikin kusan awa biyu, amma ka sayi tikiti da wuri, saurin ƙarewa yake yi.

In ka gama ziyara, ka je dandalin Registan da ke cikin Samarkand da la'asar, lokacin da rana ke haska shuɗayen tayil ɗin madarasu ukun da ke kewaye da shi. Mafi tsufa ita ce ta Ulugh Beg, jikan sarki Timur, da aka kammala a 1420. Ni dai Shah-i-Zinda ya fi taɓa min zuciya, layin hubbarori ne a kan tudu, inda ake cewa akwai kabarin Kusamu ɗan Abbas, ɗan baffan Annabi (SAW).

Buhara ma kada ka bar ta. Hasumiyar Kalon da aka gina a 1127 tana nan daram. Kuma ka guji watan Yuli, zafinsa sai ka ce Sakkwato a Afrilu.